Inusa Jatau, Yaron da Kansa Ya Riga Ƙafafunsa Girma

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa.

Wakilin Mai martaba Sarkin Gobir, wakilin magajin gari, limamanmu da malamanmu, shugabannin manoman rani na Jiratawa, abokan aikin marigayi. Hajiya Tsahara da ta haife shi, Fatimatuzzahra mai ɗakinsa, 'yan'uwa da maƙwabta na nan unguwar Zariya ta Maradi, assalamu alaikum.

Ni ne Maman Lawali, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tsibiri. An ba ni kujera an ce in yi magana a zaune saboda gwiwoyina, amma ku yi mini afuwa, ba zan iya ba. Tun da aka gaya mini Inusa ya rasu na kasa zama wuri ɗaya. Ni na ɗauka shi zai tsaya wata rana ya yi magana a kaina.

Ya kasance yaron da bai jira a kira shi ba. Yana ɗan shekara biyar ya biyo yayyensa lakwal, ba a rubuta sunansa ba, ya laɓe ƙarƙashin tagar ajin manya. Na ba da lissafi, aji ya yi tsit, sai amsa ta shigo ta taga. Na sake ba da wani, ta sake shigowa. Da na leƙa, sai ga ɗan mitsitsin yaro, majina har baki, yana riƙe da wandonsa da hannu ɗaya don bai iya ɗaure tazuge ba. Na shigo da shi na ɗora shi kan benci. Nan take ya fashe da kuka, wai ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa, zai faɗi. Sai da muka sa masa bulo a ƙarƙashi sannan ya yarda ya ci gaba da lissafin.

Ya kasance yaron da ya rikita mu duka, mu mutanen Tsibiri. Da safe yana karanta wa dattawa labarin duniya cikin faransanci yana fassara musu, da rana sai ka gan shi ya shigo da gudu yana ihu don zakara ya harare shi. Rubutunsa kuwa, ko shi kansa sai ya yi ta kallo kafin ya gane abin da ya rubuta. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce sangarta ce. Hajiya Tsahara ita kaɗai ce ba ta taɓa ruɗewa ba, kullum cewa take yi a ƙyale mata yaronta, kansa ne ya yi gaba, sauran jikin na nan tafe.

Akwai a cikinku waɗanda ke tuna shekarar da aka yi husufin wata. Inusa na da shekara bakwai. Ya tara mu a ƙofar gidansu da la'asar, ya kawo fitila da ƙwarya da lemo, ya nuna mana yadda duniya ke shiga tsakanin rana da wata, ya ce kada kowa ya firgita in ya ga watan ya yi ja. Har liman ya gyaɗa kai. To, da watan ya fara kamawa, yara suka fito suna buga kwanoni, aka nemi malamin namu aka rasa. Can aka same shi ya cusa kai cikin zanen uwarsa. Washegari na tambaye shi yaya aka yi, shi da ya bayyana mana komai. Ya dube ni kamar ni ne ban fahimta ba, ya kira ni yadda 'yan lakwal ke kiran malami, ya ce: "Mushe, na san dalilin. Amma ina jin tsoro."

Ya kasance mutumin da bai taɓa koyon zama ba. Ya yi karatu har ya zama injiniyan ruwa, aka yi masa tayin ofis a Yamai, ya ƙi, ya dawo. Manoman Jiratawa, ku ne shaida. A shekarar da injunan ban ruwa suka tsaya albasa da tumatir suka fara ƙonewa, wa ya shiga taɓo har gwiwa da rigar ofis? Wa ya koya wa 'ya'yanku gyaran injin don kada ku sake jiran kowa? Daga Tsibiri zuwa Maradi, daga Maradi zuwa Jiratawa, babur ɗinsa ba ya sanyi. Kuma mutumin nan da ke riƙe da taswirar fadama gaba ɗaya a kansa, sau da yawa ya je taro da takalmi ƙafa ɗaya baƙi ɗaya ja. Fatimatuzzahra, ke kika san yawan hulunan da ya manta a gidajen mutane.

Ya kasance kuma mai neman yara irinsa. Duk Asabar farfajiyar nan da muke ciki tana cika da su. Akwai mai haddace sunayen taurari amma yana fitsarin kwance, akwai wadda ta karance littattafan yayarta amma ba ta iya fyace majina ba. Iyaye na zuwa a gajiye, shi kuwa sai ya yi ta dariya, ya ce musu kada su auna yaron da bakinsa. Kan yaro na iya kai shekara goma sha biyar, zuciya tana nan a shida, kuma zuciyar ita ake rarrashi. Asabar ɗin nan da ta wuce wasu daga cikinsu sun zo sun tsaya a ƙofa. Ban san abin da za mu yi da su ba, kuma wannan na cikin abin da ya hana ni barci.

Yanzu ina so in yi magana da iyali kai tsaye, a kan 'yarsa Halimatussa'adiya. Shekararta bakwai. A zaman makoki ta tsaya a gaban mata ta bayyana musu ciwon da ya kashe ubanta, yadda jini ya toshe a jijiyar zuciya, da sunan ciwon yadda likitoci ke faɗinsa. Kowa ya ce masha Allah, yarinya ta yi tawakkali, ta fi manya dauriya. Bayan an watse aka zuba mata kunu a wani kofi, ba wanda ubanta ke ba ta a ciki ba. Ta yi birgima a ƙasa tana ihu har muryarta ta dishe, wata ma ta ce a tsawata mata, babbar yarinya kamarta.

Ina roƙonku, Hajiya, ina roƙonki Fatimatuzzahra, da ku baffanni da gwaggonni, kada kalmominta su yaudare ku. In ta yi muku maganar manya, ku amsa mata da gaskiya, don za ta gane in kun ɓoye. In ta yi kukan kofi, ku nemo kofin, ku ɗora ta kan cinya. Kada kowa ya ce da ita babbar yarinya. Marainiya ce 'yar shekara bakwai.

Muna godiya ga duk wanda ya bar gonarsa ko shagonsa ya zo, daga Tsibiri, daga Jiratawa, daga Sabon Gari. Allah Ya mai da kowa gida lafiya.

Ya Allah, bawanka Inusa bai huta ba a duniya, Ka hutar da shi a kabarinsa. Ka gafarta masa, Ka sa ruwan da ya kai gonakin mutane ya zama sanyi a gare shi. Ka ba mahaifiyarsa da mai ɗakinsa haƙuri, Ka raya 'yarsa, Ka ba mu ikon riƙe ta yadda ya kamata. Amin.