Ranar da Baba Kallamu Ya Ƙi Hawa Kujera a Dutsen Lushan

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban taro, kuma shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa Hausawa mazauna Guangzhou, Alhaji Babayo; malamanmu da suka taso daga Masallacin Huaisheng suka zarce nan ko gida ba su biya ba; iyayenmu dattawa; 'yan'uwanmu na Nijar da na zangon Kumasi; 'yan'uwana mata masu kai-kawo a kasuwar Shahe; samarinmu na Baiyun da suka bar kayan mutane a kan sikeli suka amsa gayyata; sai uban gayya, Baba Kallamu, wanda muka taru domin yi wa Allah godiya da fitowarsa daga asibiti: ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku barka da Juma'a.

Ni ce Hajiya Lami, mai kula da walwalar ƙungiya, wadda ta jagoranci tafiyarmu zuwa Dutsen Lushan. Ina gode wa waɗanda suka yi jinya, da waɗanda suka yi ta kai abinci, da waɗanda suka yi addu'a daga nesa. Har waɗanda suka riƙa kirana suna cewa, "Ai mun faɗa miki," ina gode musu, domin na san tsoro ne ya sa su, ba ƙiyayya ba. Yau dai na ci abinci ya zauna mini, rabona da haka tun ranar da abin ya faru.

Magana ta farko, ina ne Lushan, kuma me ya kai mu? Kun san zafin garin nan a watan Yuli, mutum ya yi wanka kafin ya sa riga ya sake jiƙewa. To, Turawan da suka cika tashoshin kogin Yangtze fiye da shekara ɗari da suka wuce, su ma zafin ya ishe su, zazzaɓi yana kashe musu 'ya'ya. Sai wani ɗan mishan daga Ingila ya karɓi hayar fili a ƙwanƙolin dutsen nan da ke kusa da kogin, ya yayyanka shi fuloti-fuloti, ya sayar wa 'yan'uwansa. Suka gina gidajen dutse masu jan rufi, suka gina coci da makaranta, suka shirya gari irin nasu a cikin ƙasar da ba tasu ba. Wanda ya san tsoffin gidajen Turawa na Jos ba sai an yi masa dogon bayani ba. A lokacin babu hanyar mota. Kujerar gora ake ɗaurewa tsakanin sanduna biyu, Bature ya hakimce, 'yan ƙasa su saɓa a kafaɗa su hau da shi.

Turawan sun tafi, gidajen suna nan. Yau jikokin masu ɗaukar ne ke shiga ɗakunan suna ɗaukar hoto. Kuma wallahi wurin ya cancanci a je. Na ga gajimare a ƙasan ƙafata. Na ga hazo ya shigo ta taga ya ratsa ɗaki ya fita ta ƙofa. Na kwana da bargo a watan Yuli, ba fanka, ba ƙarar titi. Wahab, ɗan'uwanmu na Kumasi, wanda ko a sahun salla sai an roƙe shi ya kashe waya, ya yini bai tambayi kwantenarsa ba.

Magana ta biyu, abin da ya faru, domin na ji an ba da labarin ta fuskoki da yawa. Mun gangara kallon wani ruwa mai zubowa hawa uku. Gangarar matakala ce mai tsawo, kuma duk wanda ya sauka sai ya hawo. A can ƙasa muka tarar har yanzu akwai masu kujerar nan, suna ɗaukar wanda ya gaji su faɗi kuɗinsu. Baba ya dube su ya ce kakansa ɗan alaro ne, ya ɗauki Bature da kayansa daga Borno har kan ya saɓule, shi kuwa ba zai hau wuyan ɗan kowa ba.

Ba mu yi nisa da hawowa ba ya zauna a kan matakala, ya dafe ƙirji. Gumi ya wanke shi a cikin wannan sanyin, leɓensa ya yi fari. Umar Faruƙ, mai jin Sinanci a cikinmu, ya kira motar asibiti, aka ce tana zuwa, amma iyakarta bakin titi can sama, kuma kada a kuskura a bar shi ya taka da ƙafarsa. Masu kujera biyu suka matso suka ajiye ta a gabansa.

Baba ya girgiza kai. Ya ce, "Lami, sau ɗaya ake ɗaukar namiji a kafaɗa. Ban kai ba tukuna."

A nan muka gane ba maganar kakansa kaɗai ba ce. Sanduna biyu, maza a gaba da baya, jama'a na biye shiru: makara yake gani. Wahab ya roƙe shi, Umar Faruƙ ya durƙusa, Baba yana numfashi da ƙyar yana cewa a bar shi ya huta zai tashi. Ni kuwa ina kallon leɓen nan, ina tuna matarsa Hajiya Mariam da ke Maiduguri, wadda ta ce mini a waya, "Amanar tsohon nan tana hannunki." Tsoro ya kama ni, kuma ni idan na tsorata faɗa nake yi.

Na ce, "Baba, ka gafarce ni, yau kafaɗa za ta ɗauke ka, ko ka so ko ka ƙi. In ka hau a zaune, mutum biyu sun isa. In ka ƙi, sai mun nemo huɗu, a dutsen da ko maƙabartar Musulmi ba mu san inda take ba."

Ya dube ni. Sai ya ce, "To, da sharaɗi. Mata ba sa bin gawa. Ke da abokiyar tafiyarki Surayya ku jera da ni, ɗaya dama ɗaya hagu. Kuma kada ku yi shiru. In dai ina jin muryarku, na san ba can za a kai ni ba."

Jama'a, shekara da shekaru ana cewa Lami ta cika surutu. Ranar da aka ce in yi, sai bakina ya bushe. Na fara da farashin abaya a Shahe. Na koma kan wani mai shago da ya rantse mini babu kalar da nake so alhali tana bayansa. Na ba da labarin bikin 'yar'uwarmu Rahila tun daga sa lalle. Surayya tana amsawa tana share hawaye. Masu kujerar nan biyu kuwa suna hawa da Baba a kafaɗa, rigunansu sharkaf, ba su tsaya ba ko sau ɗaya. Muna dab da titi na juya na ga idon Baba a rufe, kansa ya langaɓe. Na katse labarin, na tsaya cak. Sai na ji muryarsa can ƙasa-ƙasa: "Ci gaba mana, ba ki faɗi wa ya kawo gara ba."

Likitoci sun ce jijiyar zuciya ce ta toshe, kuma da ya hawo da ƙafarsa, da wani taron muke yi yau ba wannan ba. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Magana ta ƙarshe, roƙo ne. Na ji ana cewa a soke irin wannan tafiya. Ina roƙon shugaba da dattawa kada a soke. Mun zo ƙasar nan mun san sito, mun san filin jirgi, mun san hanyar masallaci, ba mu san ƙasar ba. Mu je mu ga yadda mutanen da aka taɓa hawa wuyansu suka karɓe dutsensu. Amma dattijo ya ga likita kafin ya shiga jirgin ƙasa. Wanda kuma ya gaji ya hau kujera, ya gaida masu ita, ya biya su abin da suka faɗa ba tayi, domin wannan sana'a ce, ba aikin tilas ba.

Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Allah Ya saka wa bayin Allahn nan biyu, da ko sunansu ba mu samu tambaya ba, da alheri. Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya tsare mana iyalanmu na gida, Ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya. Baba, yau da na kira Hajiya Mariam ban yi mata dogon bayani ba, na miƙa maka wayar ne kawai. Amanarta ta fita daga hannuna.

Na gode.