Garin Iya Ya Ƙare

MASHKURA: Alo? Assalamu alaikum. Yaya Safara'u?

SAFARA'U: Wa alaikumus salam. Wa ke magana? Alo?

MASHKURA: Ni ce, Mashkura. Ƙanwar taki ma sai kin tambaya?

SAFARA'U: Af, Mashkura! Wallahi hayaniyar kasuwa ce, ga wani ya kunna janareto a bayan shagona. Tsaya in bar wa yaron shagona Manniru kaya, in shiga ciki. Yawwa, yanzu ina jin ki.

MASHKURA: Ina wuni, Yaya?

SAFARA'U: Lafiya lau. Ya gida? Ya mutanen Gwagwalada?

MASHKURA: Lafiya ƙalau. Ya kasuwa?

SAFARA'U: Kasuwa sai godiya. Tun safe hijabi biyu na sayar, sai masu tayawa su wuce. Ya zafi?

MASHKURA: Zafi kam ai a garinmu aka haife shi. Ga wuta ba su kawo ba tun shekaranjiya.

SAFARA'U: Allah ya kyauta. Ya maigidan naki, Aminullahi? Ya dawo daga Lokoja?

MASHKURA: Bai dawo ba, ogansu ya ƙara musu kwana uku.

SAFARA'U: Allah ya dawo da shi lafiya. Ya nauyin jiki? Wata nawa ke nan?

MASHKURA: Biyar ya cika. Da sauƙi, alhamdu lillahi.

SAFARA'U: Madalla. Ya Iya?

MASHKURA: Iya tana nan. Dama a kanta na kira. Yaya, garin Iya ya ƙare.

SAFARA'U: Iya ta me? Innalillahi! Me kika ce?

MASHKURA: A'a, a'a! Garin! Garin da kike aiko mata, wanda ake dama mata a koko. Shi ne ya ƙare.

SAFARA'U: Kai, Mashkura! Kin kusa kashe ni a tsaye. Sabis ɗin nan yana yanke magana.

MASHKURA: Yi haƙuri. Na ce ko za ki ba direbobin tashar Utako roba ɗaya su taho da ita yau, in je tasha in karɓa.

SAFARA'U: Tsaya tukuna. Ya ƙare kamar yaya? Ba roba biyu na aiko ba farkon watan nan?

MASHKURA: Biyu ne.

SAFARA'U: Roba ɗaya ai wata guda take yi mata. Yau sha tara ga wata.

MASHKURA: To, ya dai ƙare.

SAFARA'U: Yaushe?

MASHKURA: Ran Lahadi aka kankare na ƙarshe.

SAFARA'U: Lahadi. Yau Alhamis. Kwana huɗu ke nan ba ta sha ba?

MASHKURA: E. Na so in kira tun Litinin, sai na ga kamar kullum ke muke ɗora wa kaya. Na ma je kemis ɗin bakin titi in ga ko akwai mai kama da shi. Suka ɗauko min wani gwangwani na ƙasar waje, wai dubu arba'in da takwas. Na ce musu Allah ya ba da kasuwa. Naki na dubu uku da ɗari biyar ai ya fi shi aiki. Kin ga yadda Iya ta murmure kuwa? Matar da aka kawo daga Zariya bayan taifot ɗin nan, ƙashi da fata, ko cokali biyu ba ta iya ci? Yanzu kumatu sun cika, fuska ta yi zagaye, har wuya ya yi tudu ta baya. Maƙwabta cewa suke me muke ba ta.

SAFARA'U: Mashkura.

MASHKURA: Tuwo malmala biyu take tashi da shi, ta ce a ƙaro. Ruwa kuwa kamar raƙumi, jarka guda...

SAFARA'U: Mashkura, saurara. Tun da ya ƙare, yaya jikin nata?

MASHKURA: Shi ne fa na ce a aiko. Tun da ya ƙare ta koma wata iri. Ran Talata ta ce jiri take ji. Jiya ta yi amai sau uku, ta ce cikinta na murɗawa. Yau ko koko ba ta karɓa ba. Na ce ko maleriya ce, na sayo mata magani, shi ma ta amayar. Ita da kanta ta ce a nemo mata garinta, shi ne ƙarfinta.

SAFARA'U: Tana ina yanzu?

MASHKURA: Tana ɗaki, tana barci.

SAFARA'U: Tun yaushe?

MASHKURA: Tun wajen sha ɗaya. Ko azahar ban tashe ta ba, na ce bari ta huta. Yaya, lafiya? Muryarki ta canza.

SAFARA'U: Babu garin, Mashkura.

MASHKURA: Ya yi tsada ne? In ya ƙara kuɗi ai sai mu haɗa...

SAFARA'U: Ba tsada ba. An rufe shagon.

MASHKURA: An rufe me? Ban ji ba, maganar tana tsinkewa.

SAFARA'U: Shagon! Shagon Malam Ɗangoggo, mai haɗa garin, na bayan tasha. Jami'ai sun zo ranar Juma'ar da ta wuce da mota biyu, sun kwashe buhuna, sun sa kwaɗo. Shi kuma tun kafin su iso ya sulale. Wayarsa a kashe har yau.

MASHKURA: Ikon Allah. Haraji ne bai biya ba?

SAFARA'U: Da ma haraji ne. Kin tuna Angelina? Maƙwabciyata a kasuwa, mai sayar da kayan shayi, 'yar Bwari ɗin nan da ta ba ki zuma ranar da kika zo?

MASHKURA: Na tuna ta. Mai dariya.

SAFARA'U: Ita ta fara nuna min garin. Mijinta James, direba ne a tasha, wata shida yana sha. Ya yi ƙiba, ya yi fresh, kowa na yaba shi. Da aka rufe shagon, garin nasa ya ƙare. Kwana uku ya yi yana amai, ran Talata ya faɗi a gaban motarsa, fasinja na ciki.

MASHKURA: Subhanallahi! Ya rasu?

SAFARA'U: Bai rasu ba, amma an kai shi asibiti bai san inda yake ba. Angelina ta tafi da robar, likita ya sa aka duba. Mashkura, ba zogale da dabino kaɗai ba ne a ciki.

MASHKURA: Amma a jikin takardar an rubuta. Zogale, kuka, dabino, aya, riɗi, waken suya, habbatus sauda. Abu bakwai, ni na karanta wa Iya da bakina.

SAFARA'U: Akwai na takwas da bai rubuta ba. Ƙwayar asibiti ce yake niƙawa ya zuba. Mai ƙarfi, irin wadda likita ke ba masu asma da ciwon gaɓoɓi na 'yan kwanaki, da lissafi. Ita ce ke buɗe ciki a yi ta ci. Kumatun nan da kike gani ba lafiya ba ce, kumburi ne.

MASHKURA: A'a. A'a, Yaya. Iya fa har shara take yi da kanta.

SAFARA'U: James ma har Kaduna yake zuwa ya dawo a rana ɗaya.

MASHKURA: To ai alhamdu lillahi da ya ƙare. Ta daina sha ke nan, Allah ya raba mu da shi.

SAFARA'U: Nan ne matsalar take. Likitan ya gaya wa Angelina, wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa rana ɗaya. Jiki ya saba, ya daina yin nasa aikin. In aka cire kwatsam, sai jini ya sauka, mutum ya yi ta amai, ya yi ta barci, daga barcin kuma... Sai dai a asibiti su riƙa rage masa kaɗan-kaɗan.

MASHKURA: Barci?

SAFARA'U: Haka ta ce.

MASHKURA: Wata uku Iya tana sha.

SAFARA'U: Na sani.

MASHKURA: Yaushe kika ji wannan maganar?

SAFARA'U: Alo? Ban ji ba.

MASHKURA: Kin ji ni sarai. Yaushe kika ji?

SAFARA'U: Ran Talata da yamma.

MASHKURA: Talata! Yau Alhamis, Yaya! Ranar da Iya ta fara jiri kina da labari a bakinki, waya na hannunki!

SAFARA'U: Na ɗauka da sauran roba guda! Wallahi lissafin da na yi ke nan. Na ce tana da na wata guda a ƙasa, ran Asabar in rufe shago in zo da kaina, mu kai ta asibiti a hankali, ba tare da an tayar mata da hankali ba. Ta yaya zan faɗa a waya? In ce Iya, abin da nake aiko miki kina sa min albarka, guba ne?

MASHKURA: Ni na ce miki mu haɗa namu. Kin tuna? Na ce ga zogale a bayan gidanmu, in busar a inuwa, in sayi waken suya da gyaɗa mudu-mudu a kasuwar Gwagwalada, in soya in kai inji. Abin da idona ya gani. Kika ce wahala ce, kika ce na ƙauye ne, ga wanda masana suka haɗa.

SAFARA'U: Na faɗa.

MASHKURA: Ko lambar hukuma babu a jikin robar. Aminullahi ya yi magana, na ce ya yi shiru, Yayata ba za ta kawo wa uwarta abin banza ba.

SAFARA'U: Ki zage ni daga baya, na yarda, na cancanta. Yanzu ki amsa min abu ɗaya. Roba biyu a kwana goma sha biyar. Cokali nawa kike zuba mata?

MASHKURA: Ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Wani lokaci ta ce a ƙara.

SAFARA'U: Ko an ƙara ba zai ƙare haka ba. Kin ba wani ne? Maƙwabta?

MASHKURA: A'a.

SAFARA'U: To ina ya tafi? Alo? Mashkura, kina ji na?

MASHKURA: Ina ji.

SAFARA'U: Ina ya tafi?

MASHKURA: Ni ma ina sha.

SAFARA'U: Ke? Da cikin?

MASHKURA: A awo suka ce jinina ya yi ƙasa, in riƙa cin abu mai gina jiki. Suka rubuta min wasu ƙwayoyi, na ga kuɗinsu, na ce ai ga na gida, ganye ne da dabino. Wata ɗaya da rabi ke nan. Cokali biyu a shayi.

SAFARA'U: La ilaha illallahu. Ke ma tun Lahadi kika daina?

MASHKURA: E.

SAFARA'U: Me kike ji?

MASHKURA: Kasala dai. Da jiri in na miƙe. Na ɗauka cikin ne. Yaya, zai taɓa abin da ke cikina?

SAFARA'U: Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, kada in yi miki ƙarya. Likita ne zai faɗa. Robar tana nan? Ba ki yar ba?

MASHKURA: Ɗaya na zuba gishiri a ciki. Ɗayar tana kan firij, ban wanke ba.

SAFARA'U: Kada ki wanke. Ki sa ta a leda, da ita za ki tafi. Ki nuna musu a emajansi, ki ce wata uku tana sha, kwana huɗu da dainawa, ke kuma wata ɗaya da rabi da ciki wata biyar. Ki faɗa musu haka daidai, kada ki ji kunya. Asibitin koyarwa za ku, ba kemis ba, kin ji ko? Yanzu tashi ki je ki tashe ta.

MASHKURA: To, bari in miƙe.

SAFARA'U: Ki dafa bango. Kada ki kashe wayar, ki tafi da ni. Kin tashi?

MASHKURA: Na tashi. Ga ni a ƙofar. Iya? Iya, salamu alaikum. Iya, an yi azahar.

SAFARA'U: Ta amsa?

MASHKURA: Ta juya wa ƙofa baya. Iya! Yaya, ta sake yin amai a kan filo, ban ji ba.

SAFARA'U: Taɓa ta. Taɓa wuyanta.

MASHKURA: Jikinta sanyi. Cikin zafin nan jikinta sanyi, ga gumi. Iya! Iya, Mashkura ce!

SAFARA'U: Tana numfashi? Sa hannu a hancinta!

MASHKURA: Tana yi. Sama-sama, amma tana yi.

SAFARA'U: Alhamdu lillahi. Juya ta ta gefe, kada aman ya shaƙe ta. Kada ki ɗaga ta ke kaɗai, da cikinki. Wa ke gidan?

MASHKURA: Maman Treasure tana nan, na ji tana wanki. Mijinta yana da keke.

SAFARA'U: Ƙwala mata kira! Yanzu!

MASHKURA: Maman Treasure! Maman Treasure, zo don Allah! Kira Baban Treasure ya kawo keke, Iya ce! Yaya, tsaya, ta buɗe ido. Iya? Kin gane ni? Tana magana.

SAFARA'U: Me take cewa? Kara mata wayar!

MASHKURA: Ba ya fita sosai. Na'am, Iya? Na'am?

SAFARA'U: Me ta ce?

MASHKURA: Ta ce wai ke ce a waya?

SAFARA'U: Ce mata ni ce, ga ni nan tafe, yanzu zan hau mota.

MASHKURA: Ta ce Allah ya yi miki albarka. Wai in tambaye ki ko kin ba direba saƙon, don ita ta san da ta sha za ta...

SAFARA'U: Za ta me? Alo? Mashkura? Alo! Alo! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Manniru! Manniru, bar wannan kwastoman, ja min ƙofar shago! Ina jakata? Alo, Mashkura?