Kurfotin Yaya Habu

Ku da kuke ɗokin gama makaranta ku tafi Abuja, ku matso. Kuɗin motata Yaya Habu ne ya biya, wan nan nawa mai walda a Mai'adua. Ya haɗa mini da kurfoti ɗaya, murhun gawayi na ƙirarsa, mai ƙugu kamar turmi da mariƙi a gefe don ɗaurewa a bayan babur. Ya ce in na rasa aiki, in soya ƙwai.

Ɗaki na samu a Mararraba. Mai gidan, da ya ga hayaƙi, ya taso.

"Aboki, za ka ƙona mini gida."

"Gawayi ne, Oga, ba fetur ba."

Bayan sati ya dawo yana tambayar inda ake sayar da irinsa.

Aiki kuwa a ofishin wata lauya na samu, kowa Madam yake ce mata. Sana'arta yi wa kamfanoni rajistar siffar kayansu: fasalin kwalba, lanƙwasar kujera, zanen jikin bokiti. "Dizain" suke cewa, suna jan ƙarshen ta hanci. In ka yi rajista, ba mai kwaikwayon siffar ya sayar sai da izininka. Amma ta Najeriya a iyaka take tsayawa. Ta Nijar daban ce, wani ofishi ne a Kamaru yake yi wa ƙasashen Faransanci gaba ɗaya.

Kaina ya ɗau zafi. Rabin masu sayen kurfotin Yaya daga Nijar suke, kuma masu waldar can sun fara yin irinsa suna karya masa kasuwa. Na riga na hango masana'anta a Daura, har sunanta na raɗa. Na ɗauko kurfotin na dire a teburin Madam.

"Ɗauke mini wannan toka. An taɓa sayar da shi?"

"Duk ranar kasuwa, Madam."

"To ya tsufa. Sabo ake yi wa rajista, wanda bai fita idon jama'a ba."

"Amma shi ya ƙirƙiro."

"Ban musa ba. Ya ƙirƙiro wani, ya rufe bakinsa da shagonsa."

Na buga wa Yaya waya na yi bayani har katina ya ƙare. Ya ce ya ji. Da damina ya kira, ya ce ya fitar da sabo, mai baki biyu, tukunya da buta a lokaci guda. Na ce kada ya sayar wa kowa. Ya rantse ba zai sayar ba. Madam ta yarda za ta shigar mana da takardun ƙasashen biyu, in biya da aiki. Na ɗau hutu na taho ɗaukar hoto.

Ina sauka tashar Mai'adua, na ga mutane sun kewaye Inna Delu mai ƙosai. Ga sabon kurfotin a gabanta, kasko a baki ɗaya, butar shayi a ɗayan. Wani direban Nijar ya durƙusa yana auna ƙugun abin da taƙinsa.

Na sami Yaya a shago.

"Yaya, ba ka rantse ba?"

"Na rantse ban sayar ba. Sadaka na bayar."

"Sadaka a tsakiyar tasha?"

"Lauya, na farko ai ba a riƙe shi. Haka Baba ya yi da garmarsa ta farko, haka na yi da wancan. Ka so in ci albarkarsa ban fitar ba?"

Na kira Madam, ko doka ta san sadaka. Ta ce doka ba ta tambayar nawa aka biya, ko an gani kawai take tambaya.

Ban koma Abuja ba, yanzu ni ke kula da cinikin shagon. Kafin sallah babba mai baki biyu ya cika kasuwannin tsallaken iyaka, ba ƙirarmu ba. Yaya ya fara zana na uku a ƙasa da tsinken walda. Na roƙe shi wannan karon a bari takarda ta fito tukuna, sannan a yi sadakar. Ya ce zai tambayi malaminsa ko sadaka tana jira.

Har yau malamin bai ba da amsa ba. Inna Delu dai ta aiko tana tambayar yaushe.