Likitar da ta ji abin da Kulu ta ƙi faɗa

Ranka ya daɗe Hakimi, shugabannin asibiti, malamanmu, Alhaji Labaran mijin marigayiya da 'ya'yansa, assalamu alaikum. Sunana Ibrahima, makiyayi daga Naraguta. Jama'armu suka ce in yi magana a kan Dakta Zakiyya.

Ta kasance likitar mata. Ta kasance mai zama ta yi wa jahili irina bayani har ya gane.

Shekara goma sha huɗu ke nan, ƙanwata Kulu na da cikin fari wata shida, aka ga ƙari kusa da mahaifarta, dole a yi tiyata. Dakta ta ce mini, "Malam Ibrahima, jiki yana da masu gadi, duk baƙon da ya shigo su far masa. Ɗan tayi kuwa rabinsa baƙo ne, amma wata tara suna ƙyale shi. Wuƙata za ta tashe su, shi ma nasa ƙananan masu gadin za su motsa. In suka yi zafi da yawa, naƙuda ta zo ba lokaci ba."

Subhanallah! Na sha karɓar haihuwar saniya, ban taɓa tunanin wannan ikon Allah ba.

To, kun san mu da kunyar ɗan fari. Bayan aikin, zazzaɓi ya kama Kulu, mara na murɗa mata, amma ko yanka ta za a yi ba za ta ambaci cikin ba. Kowa ya tambaya, sai ta ce, "Lafiya lau." Dakta ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce, "Riƙe kunyarki, ƙanwata, miƙo hannu kawai." Safe da yamma tana duba jininta, a nan ta gano ciwo ya shiga ɗinkin, ta tare shi da magani. Cikin ya kai watanninsa. Aka haifi mace, muka sa mata Zakiyya.

Alhaji, ku yi haƙuri, ku ji wannan. Kulu ba ta taɓa kiran sunan yarinyar nan ba, haka al'adarmu take. Ranar da labarin rasuwar ya iso rugarmu, ta rungume 'yarta a gaban surukanta, tana kuka tana cewa, "Zakiyya! Zakiyya!" Babu wanda ya hana ta.

Mun gode da kuka ara mana Dakta. Allah Ya jiƙanta, Ya tsare ta a kabari yadda Ya tsare jariri a cikin uwarsa. Amin.