Haƙorin Makka da Ɗanyen Rogo

A tashar Wudil, shekarar ƙarin albashin Udoji, Lubabatu mai fura ta zuba wa wani dattijo ido yana gurgurar ɗanyen rogo.

"Baba, ba a girki a gidanku ne?"

"Alhaji za ki ce. A Jidda wani ya faɗa min dafaffen abinci ke kashe haƙori. Kin taɓa ganin akuya da asuwaki?"

"To Alhaji, ina haƙorin Makkan?"

Ya kai harshe, ya ji giɓi. Ya duba rogon, ya duba ƙasa, sannan ya dafe ciki.

"Innalillahi! Darki za ni wajen surukaina. Da me zan nuna musu na je?"

"Sai ka nuna musu cikin. A dama maka fura, Malam? Ita ba ruwanta da haƙori."