Damin Geron da Ba a Rubuta Ba

Mai girma shugaban taro, wakilin Hakimi, alƙalanmu da malamanmu, dagatai da masu unguwannin Gaya da Ajingi, da ku sababbin ma'aikatan kotu da ake buɗe wa wannan kwas, assalamu alaikum.

Ni Hadi, tsohon magatakardan kotu, ina godiya da aka ba ni aikin koya muku bincike da rubutun shari'a. An ce in yi muku maraba. Ku yafe ni, raina a ɓace yake.

Na farko, kun karanta tarihi, kun karanta lissafi, wasunku har jami'a, amma shari'a ba ku karanta ba. Rashin sani ba laifi ba ne. Raina abin da ba ka sani ba, shi ne laifi.

Na biyu, ku saurari abin da raini ya jawo. Marigayi Gwadabe na Toranke ya ara wa maƙwabcinsa Kabo gona. Shekara goma sha biyu, duk kaka Kabo yakan ajiye damin gero ɗaya a ƙofar gidan Gwadabe. Kowane manomi a nan ya san ma'anar damin nan: gona ta aro ce, mai ita yana nan. Gwadabe yana rasuwa, Kabo ya ce tasa ce. Hajo, matar marigayin, ta kai ƙara, dattawa uku suka shaidi damin, alƙali ya ba ta gonar marayunta.

Kabo ya ɗaukaka ƙara. Kotun sama kuwa ba ta san Hajo ba, ba ta san Toranke ba, takarda kawai take karantawa. Aka duba takardar shari'ar, babu maganar dami! Aka soke hukuncin. Na tambayi ɗan bokon da ya riƙe alƙalami a kotunmu ranar shari'ar me ya hana shi rubuta ta, ya ce mini, "Ranka ya daɗe, ai na ɗauka hirar ƙauye ce." Hirar ƙauye! Haba! Abincin yara huɗu ne hirar ƙauye? Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na uku, matambayi ba ya ɓata. Abin da shaida ya faɗa ku rubuta shi yadda ya faɗa, abin da ba ku gane ba ku tambaya, doka kuma ku buɗe littafi ku gan ta da idonku.

Saura wa Hajo kwana goma sha ɗaya ta ɗaukaka tata ƙarar, ga damina ta ƙarato. Darasinku na farko ke nan. Gobe da sassafe za mu Toranke, ku tsuguna gaban dattawan nan uku ku rubuta shaidarsu. In takardarku ta yi kyau, Hajo ta yi shuka bana. In ta lalace, ku za ku je ku gaya wa yaranta da bakinku, ni ba zan je ba.

Allah Ya tsare alƙalumanku daga zalunci, Ya ba mai gaskiya gaskiyarsa, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.