Katin Laburaren Hadiza

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Malama Rabi daga Greensboro, ina koyar da yaranmu karatu ranar Asabar.

Da yawanmu mun ɗauka duk littafin da marubuci ya yaba, mun san abin da ke ciki. Wani marubuci ya lissafa a jarida littattafan da suka burge shi bana, na raba wa ɗalibaina sunayen ban buɗe ko ɗaya ba.

Sai ga Alhaji, mahaifin ɗalibata Hadiza, ɗauke da biyu daga cikin littattafan: labarin ɗan sanda mai farautar makashi, da tarihin maza masu neman maza a Amurka. Ya ce, "Malama, wannan kike koyarwa?" Ya ƙwace katinta na laburare.

Na karanta duka biyun. Kisan da ke cikin tarihin ya fi na labarin muni, kuma shi ba ƙage ba ne.

Hadiza ta ce, "Anti, ba ke kika ce a karanta kafin a yanke hukunci ba?"

Masu sauraro, me zan gaya wa Alhaji ya mayar mata da katin? Kafin ku amsa, ku buɗe littafin da ke jakar ɗanku ku karanta.